Takardar da Ta Ce Mijina Yana Raye

Masu bin labarin nan, Allah ya ba mu alheri. Ku da kuka yi ta turo saƙo kuna cewa Inna ki amince masa mana, tsufa ba ya hana soyayya, na ji ku, sai ku gyara zama. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Yau za ku ji abin da ke cikin jakar mutumin naku.

Wanda bai san farkon zancen ba, ga shi a taƙaice. Shekara huɗu ke nan da rasuwar maigidana. Ni da shi muka kafa kamfanin katifa da matashin kai, daga keken ɗinki guda a ƙofar ɗaki har ya zama shago mai ƙofa uku da maɗinka goma sha huɗu. Ranar da aka yi wa kamfanin rajista, mutum uku aka rubuta a matsayin daraktoci: shi, da ni, da babban ɗanmu. Bayan rasuwarsa ciwon gwiwa ya zaunar da ni a gida, babban ɗan nawa ya riƙe komai. Wata uku da suka wuce kuma sai ga wani ya fito neman aurena, ni mai jikoki bakwai.

Mai Hatimi ake ce masa. Yana da tebur a rumfar da ke gaban ofishin rajistar kamfanoni, yana cike wa mutane fom, ya buga hatimi, ya kai ciki. Shi ke kai mana rahoton shekara tun maigida na da rai. Rahoton shekara kuwa takarda ce da doka ta ɗora wa kowane kamfani, duk shekara a faɗa wa hukuma su wane ne daraktoci, ina shagon yake, wa da wa ke da hannun jari, a sa hannu a kan cewa gaskiya aka faɗa. Marigayi ba ya wasa da ita. Yakan ce kamfanin da bai kai rahoto ba kamar mutumin da bai amsa sallama ba ne, ana ɗauka ba ya nan.

Kullum da hantsi sai wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne, don ya san ba na wahalar da idona da rubutu. "Sarauniyar mata, inuwar marayu, an tashi lafiya?" Sai hoton jan fure ya biyo baya, yana buɗewa yana rufewa kamar bakin kifin da aka fitar daga ruwa. Mutum da furfura har cikin kunne. Ban taɓa amsa ko ɗaya ba, shi kuma bai taɓa gajiya ba.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne babban ɗana. Yaron da a da in baƙo namiji ya daɗe yana gaishe ni sai ya haɗa rai yana duba agogo, shi ne yanzu ke kawo min yabon Mai Hatimi safe da yamma. Wai mutumin kirki ne, wai ya san darajar gidanmu. Ya canza min labulen falo, ya sayo min mayafi ruwan toka mai duwatsu a baki, irin wanda ko a ƙuruciyata ban yafa ba. Gwaggonsu ma, ƙanwar marigayi, ta turo min saƙon murya na minti shida kan cewa zaman kaɗaici ba ado ba ne. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi.

Ranar Lahadi da la'asar ya zo. Farar shadda ce a jikinsa, ta sha sitaci har tana ƙara in ya motsa. Gemun ya sha baƙin rini, rinin ya taɓa wuyan riga ya bar layi. Turarensa ya riga shi shiga falo, irin mai hawa kai ɗin nan da ke sa ruwan shayi ma ya canza ɗanɗano. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, babban yatsa yana leƙe ta hudar safa. Baƙar jakarsa kuwa bai ajiye ta ƙasa ba, a kan cinya ya rungume ta. Ɗana ya zauna a hannun kujera yana murmushi kamar shi ake nema. Allah ya sa ranar Auta ta zo gaishe ni. Auta ita ce ƙaramar 'yata, malamar makaranta ce, da 'ya'yanta biyu, kuma ba a rufe mata ido da hira.

Ya yi ta zuba. Ya yabi labule, ya yabi shayi, ya ce tsohuwar zuma da ita ake magani. Na ce masa ni ba zuma ba ce, ya sha shayinsa kafin ya huce. Can sai ya buɗe jakar, ya zaro takarda guda da ɗan akwatin tawada, ya ce af, ya kusa mantawa, 'yar ƙaramar takarda ce ta rahoton bana, dangwale kawai zan yi a ƙasa.

Na ce, "Shekara huɗu ba wanda ya nemi yatsana. Me ya sa bana?"

Ya ce sabon tsari ne aka fito da shi. Na ce to ya karanta min. Ya kai takardar kusa da hanci ya fara guna-guni cikin harshen ofis, yana haɗiye rabi, kamar mai kurkure baki. Na ce ya bar ta nan, zan sa a duba min. Nan take murmushin ya ɗauke. Wai takardar hukuma ba ta kwana a gidan mutane. Ɗana ya sa baki, ya ce Inna ki dangwala kawai, wa'adi ranar Alhamis ne. Ban ko dube shi ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ga shi su biyun duka gumi ya karyo musu alhali fanka na juyawa.

Auta ta miƙe da butar shayi, ta ce bari ta ɗauke takardar nan kada ruwa ya zube mata. Ta kai ta kan teburin da ke bayan kujera, ta juya musu baya kamar mai gyara kofuna, sannan ta dawo masa da ita. Ni kuma na ce yau ban tashi da niyyar dangwale ba, ya dawo Laraba.

Suna fita, ta zauna kusa da ni ta buɗe hoton da ta ɗauka a wayarta. Ta karanta a zuciyarta tukuna. Na ga ta ɗora hannu a baki. Na ce ta faɗa min da Hausa, kalma bayan kalma, kada ta rage min komai.

Takardar rantsuwa ce da sunana. Wai ni, matar darakta, na rantse mijina yana raye, yana kwance a gida ba shi da lafiya, ba zai iya zuwa ofis a ɗauki hotonsa ba, ina roƙo a ɗaga masa ƙafa zuwa baɗi.

Jama'a, ku ji fa. Mutumin da na riƙe wa kai a asibiti, na ga an rufe masa fuska, shi aka kwantar min a ɗaki da biro. Na sa Auta ta buɗe tagogi duka, ta wanke kofin da baƙon ya sha sau biyu, ta cire rigar kujerar da ya zauna a kai. Duk da haka warin turaren bai bar falon ba sai washegari.

Zuwa da kai ya fi aike. Ranar Litinin da safe na ɗaura zanena na fita unguwa, na ɗauki sandata, Auta ta nemi izini a wurin aiki, muka hau mota zuwa ofishin rajista. Muka shiga ta ƙofar gefe don kada mu bi ta gaban rumfarsa. Ɗaki ne dogo, benci shida, fanka biyu ɗaya ba ta aiki, kowa da fayil a hammata. Aka ba mu lamba a guntun takarda. Sai wajen ƙarfe sha ɗaya aka kira mu taga ta huɗu, inda wata mata ke zaune, tabarau rataye da sarƙa a wuyanta, ba ta fi Auta da yawa ba a shekaru. Ta gaishe ni da ladabi, ta sa aka kawo min kujera.

Na faɗa mata sunan kamfani, na ce ni darakta ce, na zo in ji abin da aka rubuta a kanmu. Ta danna na'urarta, ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ce, "Mama, ai ke ba darakta ba ce. Shekara uku ke nan da kika ajiye."

Ta juyo min da fuskar na'urar. Wasiƙa ce, wai ni na rubuta, na ce tsufa ya kama ni, na sauka da yardar kaina. A ƙasa ga sa hannu nan an murɗa shi, an ja masa wutsiya, har da ɗigo biyu a gefe kamar na babban likita. Na ce mata 'yar nan, tunda uwata ta haife ni ban taɓa yin sa hannu ba, ta nemo takardar farko ta gani. Ta tashi ta shiga ciki, ta dawo da tsohon fayil mai igiya. Ga yatsana nan a shafin farko, shuɗi, har da tabon da basilla ta yi min a tsakiya. Ta ɗora wannan kusa da wancan.

Sannan ta buɗe rahoto huɗu na bayan nan. Kowane da sa hannu biyu a ƙasa, na ɗana da na ubansa. Na ce mata uban ya rasu shekara huɗu. Ta cire tabarau ta ajiye.

Ta yi min bayani a hankali, kuma Allah ya yi mata albarka, ba ta yi min kallon jahila ba. Ta ce in darakta ya rasu ko ya sauka, wajibi ne a sanar da ofis, ba a jira. Ta ce bana an ce kowane darakta ya zo da kansa da katin shaidarsa a ɗauki hotonsa kafin a karɓi rahoto, saboda irin wannan. In Alhamis ta wuce ba mu kawo komai ba, za a soke rajistar kamfanin, kuma daga ranar babu makaranta ko asibitin da zai iya ba mu kwangilar katifa. Na tuna maɗinka goma sha huɗu, kowane da bakunan da ke jiransa a gida. In kuwa na kawo takardar shaidar mutuwa na ba da bayani, za a karɓi gyara, kamfani ya tsira, a mayar da sunana. Sai dai dole a tambayi wanda ya yi wa mamaci sa hannu, kuma maganar ba za ta tsaya a tagarta ba.

Na tambaye ta, in mutum ya kawo rantsuwar cewa daraktan yana kwance fa? Ta ce akan ɗaga wa mara lafiya ƙafa. Ta dube ni ta ƙara da cewa wanda ya dangwala a kan rantsuwar, shi ya ɗauki kayan a kansa.

A mota Auta ta yi ta kuka. Ni ko ɗigo bai zo min ba. Ƙyama ce ta cika min ciki, irin wadda kake ji in ka ɗaga murfin tukunya ka tarar ɓera ya mutu a ciki bayan kowa ya ci.

Laraba da la'asar suka dawo tare. Wannan karon shuɗiyar shadda ce, da leda cike da lemo da ayaba. Ban sa an dafa shayi ba. Ya zauna, ya fara da sarauniyar mata, na ɗaga masa hannu. Na ce ya fito da takardar. Ya fito da ita da sauri, ya buɗe akwatin tawada ya tura gabana.

Na ce, "Malam, aurena kake nema?"

Ya ce da zuciya ɗaya.

"To ga takarda a hannunka ta ce mijina yana ɗaki a kwance. Matar wani kake nema ke nan, ko kuwa?"

Ɗana ya sunkuyar da kai. Shi kuwa Mai Hatimi, ku ji ƙarfin hali, dariya ya yi. Ya ce Hajiya ai takarda daban, rayuwa daban. Ya ce shekara talatin yana wannan aiki, ya san mamatan da ke sa hannu a garin nan sun fi masu rai ƙoƙari, ba sa musu, ba sa neman a karanta musu. Ya ce in na dangwala bana, baɗi sai a kashe marigayi a takarda cikin tsari, a sa kwanan watan da ya dace, ba wanda zai ji. In an ɗaura mana aure kuwa, sirrinmu ya zama nasa, nasa ya zama namu, rufi ya rufu.

A kashe shi cikin tsari. A falonsa, a ƙarƙashin hotonsa, mutumin da ya sha ba shi aiki. Na dubi layin rinin da ke wuyan rigarsa. Na ce wa Auta ta miƙa masa ledarsa, ta jefa masa takalmansa waje. Na ce masa in ya ƙara turo min fure, zan sa a kunna muryarsa a gaban rumfarsa kowa ya ji. Ya tsaya zai yi magana, na nuna masa ƙofa da sanda. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, ya fita yana cewa za mu neme shi.

Saura ni da ɗana. Na tambaye shi dalili. Ya ce da an sanar da rasuwar, da hannun jarin Baba ya shiga rabon gado, 'ya'yana mata da mazajensu su sa baki, shago ya watse. Ya ce don ya riƙe mana gida ya yi. Auta ta ce, "Yaya, mu ne za mu watsa shagon Baba?" Na ce to ni fa, me na yi aka sauke ni? Sai da na maimaita. Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, wai Mai Hatimi ne ya ce ina da yawan tambaya.

Wato mai rai an cire ta don tana magana, mamaci an bar shi don ba ya yi. Sannan da asiri ya tashi tonuwa, aka ga babu abin toshe bakin ramin sai ni, a haɗa da aure a ba wa wanda ya haƙa shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ɗan cikina ne ya tsaga bangon.

Ya sauko daga kujera ya durƙusa, mutum mai shekara kusan arba'in, ya kama ƙafata. Ya ce, "Inna, kotu ce fa. Ki rufa min asiri, sau ɗaya kawai."

Kada ku ɗauka dutse ne a ƙirjina. Na ga ƙeyarsa, na tuna lokacin da nake goya shi ina taka keke. Kafin magariba gwaggonsu ta kira, ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce mata haka ne, amma ba a kuma rufe shi da tsumma a ce ya warke. Ta ce in na kai ɗan ɗan'uwanta gaban hukuma ba ita ba ni. Na ce mata ɗan'uwan nata ne aka hana kwanciya a kabarinsa shekara huɗu, ta fara jin haushin wannan.

Alhamis da safe na jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, na ciro takardar shaidar mutuwa daga cikin ledar da asibiti suka ba ni. Da na fito, motar ɗana na ƙofar gida, yana ciki, idanunsa jajir. Na tsaya a gefen taga na ce masa ya zo mu tafi tare ya faɗa da bakinsa. Na ce laifin da mutum ya kai kansa ya fi sauƙi a kan wanda aka kai shi, kuma zan tsaya a gefensa har a gama. Ya ce in yi gaba, yana zuwa.

Ni da Auta muka isa ofis, muka karɓi lamba, muka zauna a benci na biyu. Duk wanda ya turo ƙofa sai na ɗaga kai. Aka kira lambarmu, na ce wa na bayana ya wuce. Aka sake kira, na sake ba wani. Auta ta kira wayarsa sau biyar, tana shiga ba a ɗauka. Da agogon bango ya nuna saura rabin awa a rufe karɓar takardu, matar taga ta huɗu ta leƙo ta ce, Mama, in za ki zo ki zo.

Na miƙa mata takardar. Ta karanta, ta yi min ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar, ta ɗauko farar takarda ta fara rubuta bayanina. Na faɗa mata ranar da ya rasu da asibitin. Na faɗa mata ban taɓa sauka ba. Na faɗa mata wanda ke cike mana fom da inda teburinsa yake. Sai ta tsaya da biro a sama.

"Wa ya kawo masa takardun, ya kuma sa hannu a gefen na marigayi?"

Na sake duban ƙofa. Wani tsoho ne ya shigo da fayil.

Na faɗa mata sunan ɗana, cikakke, na ce ta karanta min duka in ji ko ta rubuta daidai. Ta karanta tun daga farko har ƙarshe. Sannan na dangwala.

Ta buga hatimin karɓa, ta ce kamfani ya tsira. Ta shiga ciki ta daɗe, ta fito da ambulan mai ruwan ƙasa a rufe. Ta ce ana neman ɗana ranar Litinin ƙarfe goma a ofishin sama, za a aika masa, sai dai in akwai wanda zai kai. Na ce ta ba ni.

Ga ambulan ɗin nan a cikin jakata. Da muka shawo kwanar layinmu, motarsa na nan inda na bar ta, shi kuma yana ciki.